Ka Zaɓi Giya Tun Kana Bisa Tudu

Ina gaishe ku duka, na gida da na hanya, musamman ku direbobin manyan motoci da kuka yada zango a Maraban Jos, ko Tafa, ko Ogere, kuna hutawa da rediyo kusa da kunne. Yau maganarmu a kan giya ce. Kada wani ya firgita, ba giyar kwalba nake nufi ba, gama ita wannan ba ta da wurin zama a cikin mota ko kaɗan. Giyar mota nake nufi, wadda direba yake sakawa da hannunsa.

Da kai nake magana, ɗan'uwa, kai da ka yi shekara uku ko huɗu kana yaron mota, kana wanke gilashi, kana ɗaure tamfol, kana sa weji a bayan taya, yanzu kuwa maigida ya fara matsawa gefe yana ce maka, "Zo ka riƙe." Ke kuma uwa, ko ke matar direba, kada ki kashe rediyo ki ce wannan zancen maza ne. Abin da za mu faɗa yau yana cikin abubuwan da suke komo da mutum gida da ƙafafunsa.

Kowa ya san kukan nan da babbar mota take yi sa'ad da sabon hannu ya kama ta. Ƙarrr! Mutanen da suke bakin hanya su waiwaya, maigida ya ɓata fuska, kai kuwa gumi ya keto maka. Me sabon direba yakan yi a lokacin? Yakan ƙara ƙarfi. Yakan dafe sandar giya kamar mai kokawa, ya ce yau ko ni ko ke. To, ka kasa kunne. Giya ba ta shiga da ƙarfi. Giya tana shiga ne sa'ad da gudun inji da gudun mota suka yi daidai. In sun yi daidai, da yatsa biyu ma za ka saka ta. In ba su yi ba, ko ka hau kanta da ƙafa, ƙarfe kawai kake ci.

Bari mu leƙa cikin giyabos mu ga dalili. A ciki akwai ƙarafa masu haƙora, suna juyawa cikin mai. Sashi ɗaya inji ne yake juya shi. Ɗaya sashin kuwa tayoyi ne suke juya shi, muddin mota tana tafiya. Saka giya shi ne haɗa waɗannan biyu su zama abu guda. Kai da kanka ka san wannan aiki tun kana yaron mota. Sa'ad da mota ta tashi a kan hawa, ka zare weji, yaya kake shiga? Ba tsayawa kake yi wuri ɗaya ka cafki ƙofa ba, gama za ta fizge ka ta kayar. Kana bin motar da gudu ne har gudunka ya yi daidai da nata, sa'an nan ka kama ka hau kamar tana tsaye. Haka haƙoran nan suke. Kukan da kake ji, kukan wanda ya cafki ƙofa ne tun gudunsa bai kai ba.

Wani zai tambaya, don me ƙaramar mota take da giya biyar ko shida, babbar mota kuwa tara, ko goma, har goma sha shida? Ka yi lissafi. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 600 tan 30 ke nan, ban da nauyin motar kanta. Tankar mai takan ɗauki lita 33,000, wata 45,000. Injin dizal da yake jan wannan kaya yana da ƙarfi ƙwarai, amma ƙarfinsa a ƙunci yake. Ka dubi agogon inji da yake gabanka, wanda yake nuna sau nawa inji yake juyawa a minti ɗaya. In mota tana tsaye, allurar takan zauna wajen 600. Wurin da aka shafa wa kore, wajen 1,000 zuwa 1,500 a yawancin motocin, nan ne inji yake da ƙarfi, nan ne kuma yake shan mai kaɗan. Da ka wuce 2,000 ka doshi ja. Tun da filin ya ƙanƙanta haka, dole a yi matakai da yawa kamar tsani, domin inji ya zauna cikin kore ko mota tana rarrafe ko tana gudu.

Kafin ka taɓa sanda, ka san irin giyabos ɗin da yake ƙarƙashinka, gama ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da yake gyara wannan shi yake kashe wancan. Motocin Turai irin su MAN da DAF, yawancinsu suna da waɗansu zobba a ciki masu daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. A irinsu, kuloci sau ɗaya ake takawa, a taka shi har ƙasa, a tura sanda a hankali a ba zobban lokaci su yi aikinsu. Amma giyabos irin na Amurka, kamar Eaton Fuller, da na tsofaffin Mack, ba su da waɗannan zobba a manyan giyoyinsu. A nan kai ne zoben. Ƙafarka da kunnenka su ne za su daidaita gudu. Ka tambayi maigida, ka tambayi makanike, ka duba zanen da yake bisa kan sanda ko a jikin allon mota. Tambaya ba ta rage wa mutum daraja.

Yanzu bari mu ɗauki mai wuyar, wato wanda ba shi da zobba, inda ake taka kuloci sau biyu. Kana cikin giya ta uku, allura ta kai 1,500, kana so ka hau ta huɗu. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka kuloci, ka zare sanda zuwa firi, ka saki kuloci. Ka jira kaɗan, kamar numfashi ɗaya, allura ta sauko wajen 1,100. Sa'an nan ka sake taka kuloci, ka saka ta huɗu, ka saki. Don me ake sakin kuloci a tsakiya? Domin a lokacin nan ne inji yake kama sashinsa na giyabos ya rage masa gudu tare da shi. In ka riƙe kuloci a ƙasa, sashin nan yana yawo ne shi kaɗai, ba mai yi masa jagora.

Saukowa ita ce takan ba sabon direba wahala. Kana cikin ta shida, mota ta yi nauyi, allura ta faɗo 1,100. Ka taka kuloci, ka zare zuwa firi, ka saki kuloci, sa'an nan ka ba totur wuta sau ɗaya, allura ta tashi wajen 1,500, ka taka kuloci, ka saka ta biyar. Ka ga bambancin? In za ka hau, jira kake yi inji ya sauko. In za ka sauka, kai ne za ka ɗaga shi, gama ƙaramar giya tana bukatar inji ya fi saurin juyawa a gudun nan ɗaya. Waɗannan lambobi misali ne, kowace mota da nata tsakani. Amma ka fara da ido a kan agogo. Bayan 'yan watanni kunnenka zai karɓi aikin, har ƙugunka ma zai riƙa gaya maka ta wurin rawar kujera.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A irin wannan giyabos na Amurka akwai wani ɗan birki a can ƙarshen kuloci. Aikinsa ɗaya ne: ya tsai da haƙora sa'ad da mota take tsaye cik, domin ka iya saka giya ta fari ko ribas. Saboda haka in mota tana tafiya, rabi kawai ake taka kuloci. Wanda ya saba da ƙaramar mota yakan tura shi har ƙasa, sai ɗan birkin nan ya kama, ya ɓata daidaiton da ake nema, kafin wani lokaci kuma ya ƙone. Sa'an nan a wayi gari mota ta ƙi karɓar giya a tasha, a ce an yi mata asiri.

Sai maganar maɓallan da suke jikin sanda. Ɗaya yana raba giyoyi gida biyu, na ƙasa da na sama. Ka gama hawa na ƙasa, ka ɗaga maɓalli tun kana cikin giya, sa'an nan ka zare. Sa'ad da sanda ta bi ta firi iska za ta juya gidan, za ka ji shi da kunnenka. Ɗaya maɓallin kuma yana raba kowace giya biyu, rabi da cikakkiya. Ta haka giya huɗu take zama takwas, takwas ta zama goma sha shida, kamar yadda yake a giyabos na ZF. Ba dole ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Mota marar kaya tana tsallake matakai ba ta ji komai. Rabin giya kuwa don hawa da kaya aka yi ta. Abin da za ka kiyaye shi ne, kada ka koma gidan ƙasa kana cikin gudu.

Akwai ƙananan halaye da suke cin kuɗin maigida a ɓoye. Tashi da kaya a babbar giya don ƙyuya, kana goga kuloci har ya yi wari. Ɗora ƙafa a kan kuloci kana tafiya. Jingina hannu a kan sanda daga Kaduna har Zariya. Riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci maimakon birki. Ba ɗayansu da zai tsai da kai yau, amma duka suna rubuce, makanike kuwa zai karanta maka su wata rana. Za ka kuma ga tsofaffin direbobi suna canja giya ba su taɓa kuloci ba, sanda tana shiga kamar wuƙa cikin kabewa. Abin sha'awa ne, amma shekara ashirin ce take aiki a hannun nan. Kada ka kwaikwaya tukuna. A mota mai zobba kuwa kada ka kwaikwaya har abada, gama zobban ne suke biyan kuɗin burgarka.

Bari in ɗan juya wurinku, ku iyayen gida masu koyarwa. Na sani yawancinku da mari aka koya muku, kun kuwa iya. Amma hannun da yake jin tsoro yakan sandare, sandararren hannu kuwa ba ya jin lokacin da giya take kira. Ku kai yaron fili, mota ba kaya, ya hau ya sauka har ƙafarsa ta gane. Sa'an nan da kaya a miƙaƙƙiyar hanya. Tudu shi ne na ƙarshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ce a karya shi ba.

To, yanzu mun zo ga tudu, nan ne kuwa nake so mu daɗe, gama duk abin da muka faɗa a baya maganar kuɗi ce da kunya. Wannan kuwa maganar rai ce.

A kan hawa, lokacin da sanda take firi mota ba ta jiranka. Kaya yana ja da baya, gudu yana raguwa kowane daƙiƙa. Saboda haka ka sauko da giya tun inji bai fara shaƙewa ba, wani lokaci ma biyu a tashi ɗaya. In giya ta kuɓuce maka, kada ka tsaya kana neman wadda ka rasa, gama gudun da ya dace da ita ya riga ya wuce. Ka dubi gudun da kake yi yanzu, ka nemi ta ƙasa. In abin ya ƙi, ka taka birki ka tsaya sarai, ka ja hambirki, yaro ya sa weji, ka tashi daga ta fari. Masu yi maka hon a baya za su huce. Tirela mai kaya da ta fara komawa da baya ba ta sauraron kowa.

Gangara ta fi hawa haɗari, domin tana zuwa da fara'a. Garin Jos yana bisa tudu wajen mita 1,200. Wanda ya ɗauko kaya daga can zai nufi Akwanga, in ya wuce Riyom sai ya tarar da Hawan Kibo a gabansa. Wanda ya taɓa saukowa daga Mambila zuwa Mayo Selbe ya san abin da ya fi wannan. A irin waɗannan wurare, tan 30 da suka yi ta ja maka da baya sun koma suna tura ka gaba. Me zai riƙe su?

Sabon direba zai ce birki. A'a, ɗan'uwa. An yi birki domin ya tsai da mota, ba domin ya riƙe ta kilomita bayan kilomita ba. Birki yana aiki ne ta wurin guga, guga kuwa tana haifar da zafi. In ka ɗora ƙafa a kansa tun daga sama, gangar birki takan yi zafi ta buɗe, ta nisanta daga takalmin da yake matse ta, takalmin kuma ya yi santsi. Za ka fara jin wari. Sa'an nan ka taka, ƙafa ta tafi, mota ba ta amsa ba. In kuma ka shiga taka-saki, taka-saki da sauri saboda tsoro, iskar tanki kake zubarwa fiye da yadda inji yake mayarwa. Kada ka ce ai in iska ta ƙare birki zai kama da kansa. Zai kama, amma gangar nan mai zafi ita zai kama.

Abin da yake riƙe mota a gangara inji ne, inji kuwa ba ya riƙewa sai ta hanyar giya. Saboda haka ka zaɓi giya tun kana bisa tudu, tun hancin mota bai sunkuya ba. Tsofaffi sukan ce ka sauka da giyar da ka hau da ita. Maganarsu tana da kyau, amma injunan yanzu suna hawa da giyar da ta fi wadda za ta iya riƙe su, don haka ka rage ɗaya, ko biyu in kaya ya yi nauyi. Ka kunna birkin inji, wanda yake toshe hayaƙi ko yake sa inji ya yi ruri, ka bar allura ta tashi sama da kore, gama a can ne yake da ƙarfin riƙo. Ka dai tsare ta kada ta shiga ja. In gudu ya ƙaru, ka taka birki sosai sau ɗaya, ka rage kamar kilomita 8 ko 10, ka saki ya sha iska. In ka ga kana komawa kan birki a kai a kai, giyarka ta yi girma. Da ka shiga gangara kuwa, ka ɗauke hannu daga sanda. Da zarar ka zare ta, mota za ta ƙara gudu, inji ba zai iya kamo ta ba, ƙofar da ka fito ta cikinta ta rufe.

Dole in faɗi wata magana da waɗansu ba za su so ji ba. Akwai direbobin da suke sa mota firi a gangara da gangan, wai don su rage shan mai, abin da ya ragu ya shiga aljihu. Na san kuɗin hanya ba ya isa, na san akwai bakuna a gida. Amma ka ji gaskiyar ƙarfe. In mota tana cikin giya, ƙafarka ba ta kan totur, tayoyi ne suke juya inji, famfon mai kuwa yakan yanke mai kusan gaba ɗaya. A firi ne inji yake shan mai domin kada ya mutu. Wato ba abin da ka tara. Ga shi kuma ka kashe birkin inji, ka rage wa famfon iska gudu a daidai lokacin da ka fi bukatarsa. A ƙasan kowace gangara kuwa akwai mutane: mai sayar da dankali da tumatir, yara masu tallan gyaɗa, ƙaramar mota cike da fasinja, ga yaronka da yake zaune kusa da kai, wanda uwarsa ta damƙa maka. Sa'ad da abin ya faru, labarin da ake bayarwa shi ne, "Birki ne ya tsinke, ƙaddara ce." Wani lokaci haka ne, tiyo yakan fashe. Amma sau da yawa birkin lafiyarsa ƙalau sa'ad da motar take bisa tudu. Ba daidai ba ne mutum ya zare giya da hannunsa, sa'an nan ya jingina wa Allah abin da ya biyo baya.

Wani zai ce, ai yanzu akwai motocin da suke canja giya da kansu. Gaskiya ne. Volvo ta fito da nata, I-Shift, tun shekarar 2001, sauran kamfanoni kuma suna da irinsa. Kwamfuta ce take taka kuloci, ita take daidaita gudu, ba ta kuwa yin ƙarrr. Amma yawancin motocin da za a fara ba ka a hanyoyinmu masu sanda ne. Ko a mai kwamfutar ma, akwai wurin da direba yake riƙe giya da hannu, kuma ido naka ne yake hango gangara da ramin da yake tsakiyarta.

In kuwa abin ya riga ya faru, ka sami kanka a gangara sanda tana firi, kada ka ɓata lokaci kana kokawa da giyar da ka rasa. A wannan minti birkinka yana da sanyi, yana da ƙarfinsa duka, iska tana cike. Ka taka shi sosai nan take, ka rage gudu ƙwarai, ka ba totur wuta, ka saka duk giyar da ta yarda ta shiga. Da ta shiga, ka ci gaba da rage gudu. In akwai fili a gefen hanya, ka tsaya, a sa weji, ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da tayoyi ka ji zafinsu, ka jira su huce, ka tashi da ƙaramar giya.

Lokacinmu ya ƙure, masu sauraro. Ku da za ku tashi da asuba, Allah ya kiyaye hanya, ya kai ku gida lafiya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.